Ƙwan fararen zabin Inna

Daminar da na gama karatun kwamfuta na dawo ƙauyenmu da ke bayan Kafur, annoba ta faɗa wa kaji da zabi. Inna, mahaifiyata, tana da fararen zabi da ta gada a wurin kakata, irin da babu mai su a duk yankinmu. Cikin mako biyu suka ƙare ƙaf. Abin da ya rage shi ne ƙwai talatin da biyu da suka saka kafin su mutu, tana ajiye da su cikin ƙwarya a ƙarƙashin gado.

Dabararta ita ce wadda kowa ya sani: a ari kaza mai kwanci a maƙwabta, a sa mata ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe. Ni kuwa lokacin kaina yana hayaƙi. Na haɗa akwatin ƙyanƙyasa da tsohon firiji, da hita, da batirin sola, da wata 'yar kwamfuta da ba ta kai tafin hannu ba. Tana da ƙafafu jere kamar haƙoran mataji, ɗaya daga ciki na haɗa da makunnin hita. Na rubuta mata umarni: ta duba ma'aunin zafi, in ya sauka ta kunna, in ya hau ta kashe.

Inna ta ce, "To ka bar mini goma in kai wa kazar gidan liman."

Na ce, "Haba Inna, kazar da za ta tashi ta bar su ta tafi tono? Ki kawo duka."

Ta dube ni, ta miƙo ƙwaryar. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma ja-in-ja da ni.

Kwana ashirin da huɗu komai lafiya. Ina haska ƙwai da tocila ina ganin inuwa tana motsi a ciki, ina yawo a gari kamar wanda ya ƙera jirgi. Ranar na ashirin da biyar na tafi Malumfashi sayo taki. Tun safe hadari ya rufe rana, batir ya yi ƙasa, 'yar kwamfutar ta ɗauke. Da rana ta buɗe wuta ta dawo, ta farka.

Ga inda na yi wauta. A umarnina na ce wa ƙafar nan, aikinki fitar da wuta ne, amma ban ce mata ta fara da kashewa ba. Ƙafar da ba a gaya wa komai ba a sifili take farawa, wato babu wuta a bakinta, ni kuma a kaina sifili kashewa ne. Alhali makunnin da na saya da sifili yake kunnuwa. Na san haka, tunda na gyara shi a sauran umarnin, farkon ne kawai na bari. Kullum ba a ganin illar, don cikin ƙiftawar ido ma'auni yake ba da amsa a kashe hitar. Ran nan ma'aunin bai amsa ba. Kwamfutar ta tsaya jiransa, hita kuwa na ci.

Bayan la'asar na dawo, na buɗe akwatin, zafi ya buge ni a fuska. Na fizge waya, na kwashe ƙwan a gaban rigata, suna ƙona mini ciki, ina kiran Inna da muryar da ban san ina da ita ba. Na shimfiɗa su a tabarma ina fifita da faifai. Ina ɗaukar kowanne in kara a kunne, jinina kawai nake ji yana bugawa. Wallahi na tsorata, na roƙi Allah ko guda biyu, mace da namiji.

Inna ta kawo ruwa mai ɗumi a kwano. Haka ake gwadawa: a sa ƙwai a ruwa, mai rai zai yi rawa da kansa. Muka durƙusa muna sa su ɗaya bayan ɗaya. Ina riƙe numfashi don kada in kaɗa ruwan, sannan in ce na ga ya motsa, ta girgiza kai. Na sa aka maimaita duka sau biyu, babu ko ɗaya da ya motsa.

Ta ce, "Shi wannan abin naka, in ya farka ba a ce masa komai ba, me yake yi?"

Na ce, "Wuta yake kunnawa."

"Wa ya koya masa haka?"

"Ba kowa, Inna. Ni ne ban hana shi ba."

Layi ɗaya na umarni ne gyaran, daga baya na rubuta shi kafin shayina ya huce. Amma a ranar Inna ta miƙa hannu cikin ƙwan. Ta ɗauki ƙwai guda ta ƙwanƙwasa a bakin turmi, ta ɓare a hankali da farce. Ɗan zabon ya gama haɗuwa, da baki da ƙafafu, ya dunƙule kansa ƙarƙashin fiffike. Ta shafa jiƙaƙƙen gashinsa da yatsa ta daɗe tana kallo.

"Fari ne," ta ce.