Gonar da Yaya Bawa ya ƙi sayarwa

Da kakar bana Yaya Bawa ya cika shekara bakwai a kabari. Ni ba marubuci ba ne, direba ne. Aji biyu na yi a sakandare na gudu na bi mota, yanzu ina jan motar wani kamfanin kaya tsakanin Gummi, Bukkuyum da Anka. In kun ga rubutun ya karkace, iyakar abin da na iya ke nan. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗiyar da ya bar mini, Asabe, wadda in ta kwana biyu ba ta sha ƙwayarta ba sai ta faɗi tana jijjiga.

Yaya Bawa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Injin niƙa gare shi a ƙauyenmu, can bayan Anka, ba nisa da Dareta. Hatsin gari duk wurinsa ake kai shi. Yana da wata ɗabi'a: in ya ji gida da majinyaci kwance, ba ya karɓar kuɗin niƙansu har sai an tashi ko an binne. Ba ya yin bayani. Yarinya ta miƙa kuɗi, ya ce ta mayar wa innarta.

Sai zinari ya zo. Masu haƙa suka fara kawo dutse buhu-buhu, kuma abin da suke biya a buhu ɗaya ya fi abin da hatsi ke kawowa wuni guda. Ya karɓa. Kowa ma ya karɓa, kada wani ya zo yau yana wanke kansa. Da safe dutse, da yamma gero, a inji ɗaya, cikin gida ɗaya. In ya gama da dutse sai ya zuba dusa tiya guda ya niƙe, ya ce ya wanke bakin inji, dusar a ba awaki. Mu duka mun yarda wannan tsabta ce. Ƙurar kuwa tana sauka kan tabarma, kan randa, kan ƙasar da yara ke rarrafe suna kaiwa baki.

Da yara suka fara jijjiga suna mutuwa, a garinmu da Sunke da Tungar Guru, wasu suka ce zazzaɓi ne, wasu suka ce iska. Shi kansa Yaya Bawa biyu ya binne cikin nasa. Asabe tana shekara uku ita ma ta faɗi, sai dai ta riski zuwan likitocin ƙasashen waje, waɗanda suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Suka kwantar da ita da uwarta, magani kyauta, abinci kyauta, ba wanda ya tambayi kati. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A lokacin na gane cewa in ana so a yi wa talaka magani ba tare da an lalube aljihunsa ba, ana iyawa. Ta rayu, amma ba ta fita lafiya lau ba. Magana na yi mata nauyi, karatu ba ya zama, ga faɗuwar nan.

Maganin kyautar na ƙananan yara ne. Babba da ya daɗe yana shaƙar ƙurar, shi ya san inda zai nufa. Bayan shekara biyu ƙafafun Yaya suka kumbura, fuska ta biyo. Ni na ɗauke shi zuwa Sakkwato, aka ce ƙoda ce, sai wankin ƙoda da na'ura, kuma kowane wanki da kuɗinsa kafin a jona mutum. Injin muka fara sayarwa. Sai shanun huɗa. Ya rage gonar fadama ta bakin gulbi, wadda babanmu ya bar masa. Na samo mai saye. Da na gaya masa, ya ce in matso.

"Garba, in anka sai da ita, wanki nawa za ta yi?"

Na ce za ta kai mu wata biyu, ko uku in Allah ya taimaka.

"Bayan nan fa?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"To kai ni gida. Yarinyag ga ba ta aure ba ce nan kusa, ba kuma ta boko ba. Mi za ta ci? Bar mata gonatta."

Na hau shi da faɗa, na ce wannan ai kisan kai ne. Ya dube ni ya ce, "Kai dai tuƙi ka iya. To tuƙa."

Bai daɗe a gida ba ya cika. Matarsa ta gama takaba, daga baya ta yi aure, Asabe ta dawo hannuna.

Yaya bai san inshorar lafiya ba, bayansa kamfaninmu ya sa mu ciki. Ana cirar wani abu daga albashi, a ba ka kati. Da farko abin bai yi zafi ba. Sai dai duk shekara cirar na ƙaruwa, albashin yana nan inda na same shi. Ƙa'idarsu mata ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinka. Ni huɗu gare ni cif. Asabe sai ta zama "ƙari", ina biya mata daban, ina kuma biya ba tare da na yi ƙorafi ba, don da katin ake ganin likita a ba ta ƙwayar. Bana aka tara mu aka ce kuɗin ƙari ya hau, hawan da in na biya shi daga albashi to tukunyar gidana ba za ta hau murhu ba.

Na je ofishin masu inshorar a Gusau. Yaron da na samu mai ladabi ne, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Baba, ƙa'ida ce. Ba taka ba ce ta cikinka."

Na ce, "Ta cikin wana ce. A garinku in wanka ya mutu, ɗiyansa na wa ne?"

Ya duba hagu da dama ya rage murya. "Ka cire ɗaya cikin naka mai lafiya, a sa ta a matsayin 'yarka, da sunanka. Ba mai bincike."

Na kawo maganar gida. Matata Hajara tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ga su nan su huɗu tsakar gida. Nuna min wanda za a cire, da yatsa." Ban iya ba. Kuma ko da ƙaramin karatun allona na san addini ya hana a jingina maraya ga wanda ba ubansa ba. Mutumin da ya bar wankin ƙoda saboda ita, ba zan goge sunansa daga nata saboda kati ba.

Da yana raye ban san me zai ce ba. Mai yiwuwa dariya zai yi. Shi da bai taɓa shiga aji ba ya san ba a karɓar kuɗi a gidan da ake jinya. Su da suka yi karatu sun zauna sun tsara cewa mai ciwon da ba ya warkewa shi zai fi kowa biya.

Na ji masu cewa gwamnati ba ta da kuɗin yi wa kowa magani, asibitin kyauta layi ne da "babu". Na sani, na tsaya layin. Ban ce a rufe inshora ba, mai hali ya saya. Amma ni a kan hanya nake kwana nake tashi, na ga motocin da suka kwashi zinarin ƙasarmu, ba ɗaya da ta tsaya bakin asibiti. Ana gaya mana a rediyo cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. To in zinarin nata ne, gubar ta wa ce? Dutse ɗaya suka fito. A ɗauki yaran nan da ciwonsu kamar yadda aka ɗauki dutsen, shi ke nan roƙona, in ma roƙo ne.

Satin da ya wuce na jinginar da fadamar ga wani mai noman albasa. Ban sayar ba, na jinginar, kuma na san bambancin ba shi da yawa ga mutum irina. Na biya kuɗin ƙarin. Katin ya fito, Asabe Bawa.

Abin da ya rage nasa ke nan. Injin yana Bukkuyum hannun wani. Tsofaffin matan garinmu har yau in an ambace shi sai su ce Allah ya jiƙan mai inji, ni ma na ce amin. Gonar kuwa, wani ke ban ruwa a cikinta. Kuɗin jinginar za su kai mu shekara biyu, in ba a sake ƙari ba. Likita ya ce ƙwayar har ƙarshen rayuwarta ce. Shekarunta goma sha biyu.