Amsar da Malama Tahira Ta Jira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malama Tahira rasuwa ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, bayan gajeruwar rashin lafiya. Ita ce ta koyar da mu Turanci a aji shida, a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Gezawa.

Malama, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Inna. Ranar da kika rasu, gidanki na nufa da amsar da kike jira. Tun daga nesa na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida.

Ina tuna ranar da kika rubuta "bring home the bacon" a allo. Da kika ce kalmar ƙarshe naman alade ce, Mudassir ɗan ajinmu ya miƙe ya ce, "A'uzubillahi! Malama, mu dai a kawo mana tsire." Kika yi dariya har alli ya suɓuce miki. Sannan kika ce Bature ba naman yake nufi ba, yana nufin nemo abin da gida zai ci. Ana faɗa wa namiji, ana faɗa wa mace. Kika ce a ajin nan ma akwai masu yi.

Ba ki kalle ni ba, ba ki kira sunana ba. Amma kin san tun da ciwo ya kwantar da Baba, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗan Inna muke cin abinci, kuma ni ke tallarsu kafin in zo makaranta. Ba ki taɓa dukana don makara ba.

Bayan jarrabawa kika tsayar da ni a gindin darbejiya. Kika ce, "Asiya, kina so ki wuce sakandare? In kina so, zan je wajen Babanki. Man Inna kuma ni zan riƙa kai wa malamai su saya." Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. A gidanmu, in babba ya tambayi yarinya ta yi shiru, an san ta yarda. Na ɗauka kin gane. Sai kika ce, "Ni ba na karɓar shiru. Ki zo ki faɗa da bakinki."

Kullum in na ɗauki farantin talla sai in ce yau zan biya ta wajenki, kunya ta mayar da ni. Ban san kina kwance ba. Da ma na faɗa tun a gindin darbejiyar. Yanzu babu mai zuwa wajen Baba a madadina.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa mijinki Malam Abdulrashid ta'aziyya, da 'ya'yanki Najib da Ummi. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya raya su.

An kusa komawa makaranta. Gobe in na kai wa Baba kokonsa, zan durƙusa in faɗa masa da kaina. Tallar kuma zan mayar da ita yamma.