Taibatu Mai Hoton Jarirai

Taibatu ba ta taso da tunanin riƙe kyamara ba. Mijinta Nasidi ne ke da shagon hoto a Talata Mafara, bakin titin Sakkwato, a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori. Ma'aikata sun cika gari, duk wanda aka yi wa haihuwa yana son hoton da zai aika gida. To amma namiji ba ya shiga ɗakin mai jego, kuma ba a fito da ɗanyen jariri zaure. Sai Nasidi ya koya mata, ta riƙa shiga a madadinsa.

Tun ranar da fitilar kyamara ta walƙa, wani jariri ya zabura ya yi ta kuka har ya shiɗe, Taibatu ba ta ƙara kunna ta ba. Ta koma lallashin hasken rana. In ya faɗo ta ƙofa da ƙarfi, sai ta rataya farin mayafi shara-shara. In gefen fuskar yaro ya yi duhu, sai a riƙe mata murfin farin kwano daga can gefen. Ta taɓa gwada tire mai ƙyalli, ta ga yana kashe ido, ta bari.

Shekarar da aka tashi mutanen Maradun saboda ruwa zai ci garin, wani manomi, Mamuda, ya zo shagon. Matarsa Suwaiba ta haihu, yana so a ɗauki yaron a ɗakin da aka haife shi kafin su bar gidan.

Da Taibatu ta isa, ta tarar an riga an sauke jinkar ɗakin, rana tana dukan gadon kai tsaye. Mayafinta bai isa ya rufe sama ba. Aka ɗaga zanen atamfa, ɗakin ya yi duhu.

Inna Barira, mahaifiyar Mamuda, ta buɗe akwatinta ta ciro farin alawayyo a naɗe.

Suwaiba ta ce, "Inna, ai likkafaninki ne."

"Nawa ne, kuma ban mutu ba tukuna," in ji tsohuwar. "Nan aka haifi ubansa. Ku ɗaga."

Mata suka hau turame, suka ja ƙyallen bisa bango. Haske ya sauko a hankali, ya kwanta a fuskar yaron, ko motsi bai yi ba. Taibatu ta yi bisimilla, ta danna.

Bayan an wanke hoton, ita da kanta ta kai shi sabon garin da aka mayar da su, tana tambaya gida-gida. Inna Barira ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a bangon da ya fito bayan jaririn.

"Ɗiyata, kin ga nan? Gurbin da nake aje fitilata ne."

Taibatu ta zauna kusa da ita a tabarma.

Ta ci gaba da aikin har Bakura da Dosara, ko bayan rasuwar Nasidi, sai da ganinta ya yi rauni ta ajiye. Ta ƙarasa rayuwarta a Mafara, a gidan ƙanenta Zubairu.