Zuwa Omdurman Don Mayar da Inna Maƙabarta

Kano

Ba a kira assalatu ba maigidana ya kai ni filin jirgi. A Omdurman aka haife ni, aure ne ya kawo ni Kano, inda nake sana'ar turaren wuta. Mahaifiyarmu, Inna, ta rasu a farkon yaƙin Sudan, aka binne ta a tsakar gida don babu hanyar zuwa maƙabarta. Da faɗa ya ja baya daga birnin, sai hukuma ta fara kwashe irin waɗannan kaburbura. Yayana Hashim ya yi waya ya ce an kusa zuwa kan gidanmu. Ban ga jinyarta ba, ban ga jana'izarta ba, don haka na ce wannan kam da ni za a yi.

Port Sudan zuwa Atbara

Na canja jirgi a hanya, na sauka Port Sudan, washegari na shiga bas. Muna fita gari muka tarar da manyan motocin kayan agaji jere a gefen titi, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna dafa shayi. Na tambayi direbanmu me suke jira.

"Takardar izini, Hajiya," in ji shi. "Wannan ɓangare ya sa hannu, wancan ya ƙi. Ranar da wancan ya yarda kuma, wannan ya fasa."

Rediyon motar na ba da labarin wani sabon zaman sulhu a ƙasar waje. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce a rage murya, kanta na ciwo. Shingayen sojoji kuwa ban ƙirga ba. A kowanne sai mun sauko an duba takardunmu. A Atbara na kwana a gidan wata ƙawar Inna, ta ba ni ful, wato dafaffen wake da man riɗi, ta ƙi yarda in taɓa ko kwano.

Omdurman

Ta Shendi muka bi. Da muka hau gada na hango benayen Khartoum a tsallaken kogi, baƙi ƙirin, babu tagogi. Yaya Hashim na jira na a tasha. Ya rame har sai da na dubi idanunsa kafin na tabbatar shi ne.

A ƙofar gidanmu na ga mata riƙe da robobi. Ashe zaurenmu ya zama takiyya, wurin da 'yan unguwa ke haɗa abin da suka samu a dafa wa kowa. Yawancin matan daga unguwar Dar Salam da ke yammacin birnin suka gudo. Kabarin Inna na gindin darbejiya, an kewaye shi da bulo.

"Yaya, me ya faru ranar da ta rasu?" na tambaye shi. A waya bai taɓa gaya mini ba.

"Allurar sukarinta ce ta ƙare," ya ce. "Da safe rediyo ta ce an tsagaita wuta don a shigo da magani. Na gaskata, na fita. Ban kai bakin titi ba aka buɗe wuta. Na kwanta a wani kango har la'asar. Da na dawo, maƙwabta sun riga sun rufe mata fuska."

Sannan ya ce, "Ki yafe mini, Zainab."

Na ce, "Kai da ka zauna da ita? Ni ce zan roƙe ka."

Ranar ɗauka

Ma'aikatan hukumar suka zo da hantsi, hancinsu a rufe. Babbansu ya gaishe ni, ya ce in ba zan iya kallo ba in shiga ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa. A hankali suka yi tonon, da suka kusa sai suka ajiye shebur suka sa hannu. Matan takiyya suka sauke tukunya, suka tsaya bayana suna salati. Aka naɗe ta a sabon likkafani, maza suka ɗauke ta. A lokacin na yi kukan da ban samu yi a Kano ba.

Washegari Yaya ya kai ni maƙabarta. An sa ta kusa da Baba. Sababbin kaburbura sun cika wurin har bakin katanga. Na roƙe shi ya biyo ni Kano ko na wata guda ne, ya huta.

"In na tafi wa zai buɗe zauren?" ya ce. "Can yammacin ƙasar har yanzu ana faɗan, mutane na ta zuwa. Ke dai in kin koma, ki faɗa musu abin da kika gani."

Komawa gida

Ta hanyar da na zo na koma, na sauka Kano da azahar. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da maigidana da ya riƙe yara, da matan da suka tsaya bayana ba su san ni ba. Da yamma maƙwabta suka shigo barka da dawowa, wata ta ce, "Ai mun ji a rediyo yaƙin ya kusa ƙarewa."

Na ce mata ta zauna. Na fara daga farko.