Ar'ar ɗin Khala Ummu Faisal

Har gobe ban manta da ranar da aka fara miƙa mini wayar jan ƙarfe aka ce in lanƙwasa itacen mutane ba. Ku da kuka same ni ina ba da umarni a mashtal ɗin nan, wato gidan renon shuke-shuke, bari ku ji yadda na fara.

A lokacin ni mai dashe ne. Tsarin gidan renon shuke-shuke kun san shi: ka fara da ban ruwa, ka koma dashe da haɗa ƙasa, sai ka daɗe kafin mu'allim ya bar ka ka taɓa almakashi. Mu'allim ɗinmu Baba Isufu ne, mutumin Damagaram, wanda ya koyi aikin bonsai a lambun wani otal tun yana saurayi. Ga wanda bai sani ba, bonsai bishiya ce ta gaske da ake renonta a ƙaramar tukunya, ana rage mata saiwa da rassa, ana bi da ita da waya, har ta tsaya kamar tsohuwar bishiyar dawa alhali ba ta wuce kamu biyu ba.

Farkon sanyi ne wata dattijuwa ta zo da 'yarta, an ɗauko musu wani ar'ar a bayan mota cikin tsohuwar garwar mai. Ar'ar itacen duwatsun Ɗa'if ne, mai siririn ganye da ba ya kaɗewa, ga ƙamshi. Zafin Jidda da laimarta ba sa yi masa daɗi, shi ya sa muke ajiye irinsa a ɗakin gilashi mai sanyaya. Wannan ya kai ƙirjina tsawo, ya miƙe sambal kamar sanda.

Sunan dattijuwar Ummu Faisal, muna ce mata Khala, wato Inna. Marigayi mijinta ne ya shuka itacen a ƙofar gidansu can kan dutse. Yanzu ta dawo unguwar Aziziyya nan Jidda wurin 'yarta, bene ne, barandar ko tabarma ba za ta ɗauka ba. 'Yar ta ce a gaskiya ita da an bar shi a nan halas, wato shi ke nan. Uwar ko kallonta ba ta yi ba, ta dubi Baba Isufu ta ce, “An ce kuna mayar da babba ƙarami. Ku mayar mini da shi yadda zai zauna kusa da ni.”

Baba ya zagaya itacen, ya ce zai yiwu, amma yana iya mutuwa a hannunmu. Ta ce ta yarda.

Da suka tafi sai ya ɗago mini hannunsa na dama. A satin ne ya gurɗe a wuyan hannu, yana ɗaure. Ya ce, “Habibu, lokacin lanƙwasa yanzu ne, in sanyi ya wuce sai baɗi. Kai za ka yi.”

Na ce, “Ni, Baba?”

“Da wani Habibun ne a nan? Yalla, maza jiƙa igiya.”

Wallahi daɗi da tsoro tare suka kama ni. Na jiƙa igiyar rama, na naɗe gangar jikin itacen tam daga ƙasa zuwa sama, don ko ya tsage ɓawon ya riƙe. Na bi da waya mai kauri a karkace. Muka datse kan, muka bar kore a kowane reshe da muke so ya rayu, domin ar'ar in ka aske wa reshe ganye kaf, ya tafi ke nan. Sai na kafa manyan yatsuna a daidai inda muke so ya lanƙwasa, na fara dannawa. Baba yana gefena yana cewa, “A hankali. Saurare shi. Ƙara kaɗan.” Itacen yana biyo ni! Sandar nan da na ɗauka ba za ta motsa ba, ga ta tana sunkuyowa a hannuna. Na fara murmushi ni kaɗai.

Sai na ji ƙas!

Nan take na daina dannawa. Baba ya ce, “Kada ka saki, kada ka ƙara!” Ya shafa wurin da hannun hagu, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce in ɗaure kan itacen da bakin garwar a daidai inda yake. Na tambaye shi ko ya mutu. Ya ce, “Shi zai faɗa mana.”

Abin da ke wahalar da mai renon ar'ar shi ne yana iya mutuwa ya ci gaba da zama kore makonni, kana ta ba gawa ruwa. Alamar rai ɗaya ce, sabon toho mai haske a bakin ganye. Kullum da safe in na sauko daga motar da ke kawo ni daga unguwar Mahjar, ɗakin gilashi nake fara nufa ko shayi ban sha ba. Ummu Faisal kuma duk Juma'a sai ta kira: “Ya waladi, ɗana, yaya yake?” In ce, “Khala, muna jira.”

Wata safiya na duƙa na ga ɗigo-ɗigon kore shar a reshen da ke saman karayar. Na ƙirga har na daina ƙirgawa. Na fita a guje ina kiran Baba, na yi karo da buhun taki na faɗi, na tashi na ci gaba da gudu. Masu ban ruwa suka ɗauka gobara ce. Baba ya zo ya sa tabarau, ya duba, ya dafa kafaɗata ya ce, “Mabruk, ya mu'allim ƙarami.”

Sai da wani sanyin ya zagayo muka rage saiwa muka mayar da shi faffaɗar tukunya, sannan muka kira ta. Da ta shigo ta tsaya cak. Ta ce wa 'yarta, “Dubi! Haka na bakin kwazazzabon bayan gidanmu suke, waɗanda iska ta kwantar.” Ta murza ganyen a yatsa, ta kai hanci, sai ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin gilashi. 'Yar da ta ce a bar shi, ita ce ta rungumi tukunyar zuwa mota, ta hana direba taɓawa. Muka yi da su cewa da sanyi yana barandarsu, da zafi ya dawo wurinmu hutu.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki, ku riƙe shi. Itace ba ya son gaggawa, kuma in ya yi ƙara a hannunka, tsayawa ake yi. Sannan duk wanda ya shigo da tsohuwar shuka a garwa, ku ajiye almakashi tukuna, ku ba shi kujera, ku tambaye shi wa ya shuka ta. Amsar da zai ba ku ita za ta nuna muku reshen da ba a yankewa.