Illo, Wanda Ya Ɓoye wa Hajiya Teku

Kullum da sassafe Malam Illo yakan hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa rumbunan kaya na Aubervilliers a gefen Paris, ya wuni yana dakon kwalaye. Amma ba don wannan muka zo jinjina masa ba. Tun 2002, duk watan Yuli, yakan tara dattawan unguwar Goutte d'Or ta Paris a jirgin ƙasa, su kwashi 'yan'uwa a Lyon, sai Antibes a bakin Bahar Rum. Can yake shiga gaba, ya zaga da su tsohon gari a ƙafa.

Kafin tafiya yakan je shi kaɗai ya taka hanyar. Ya ƙirga matakala, ya nemo inuwa da famfon alwala. Masu ciwon gwiwa ba su taɓa kuka da shi ba, sai dai da surutunsa, don in ya kama labarin wani tsohon gida sai ka rantse shi ya gina shi.

Waɗanda suka je a 2016 ba za su manta ba. Ɗan Hajiya Zouera, Zailani, ya nutse a tekun nan yana ƙoƙarin tsallakowa daga Libiya. Shekara guda Hajiya ba ta fita daga ɗaki ba, har ta fara ramewa. 'Yarta Nadia ta roƙi Illo ya tafi da uwar.

Hajiya ta ce, "Illo, ni ba ni son ganin ruwan nan."

Ya ce, "Hajiya, in kin gan shi ba da yardarki ba, ki daina amsa gaisuwata."

A jirgi ya zaunar da ita ya sauke labule. A gari ya sauya hanya, lungu bayan lungu, ta kasuwar 'yan zaitun, gidaje na kare ta. Rabin wuni babu wanda ya hango ruwa, babu kuma wanda ya yi ƙorafi. Da suka iso ganuwar garin ta tsaya, ta shaƙi iska.

"Yana bayan bangon nan ko?"

"Yana nan, Hajiya."

Sannan ta ce, "To, kai ni in yi wa ɗana addu'a."

Dattawa goma sha tara suka tsaya bayanta suna amin, kowa da hawaye.

Malam Illo, kai ne jagoran da ya san abin nunawa da abin ɓoyewa. Bana ƙafa ta ce ta gaji, ka ajiye jagorancin. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Matasanmu na Paris da Lyon, ga dattawa nan zaune, wani ya tashi ya shiga gaba.