Gatanar da Kaka ta ƙi ƙarasawa

Kakata tana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi muna yara. Duk ranar da wani a gidanmu zai yi tafiya, sai ta fara gatana ta yanke ta a tsakiya, kuma ba za ta ƙarasa ba sai matafiyin ya dawo. A ƙauyenmu kusa da Barmu kuwa tafiya ba ta ƙarewa. Da an gama girbi maza sun kama hanyar Abijan. Shi ya sa kullum muna da gatana biyu ko uku a rataye, kowacce da mai ita.

Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, mukan kewaye wutar karan gero a ƙofar ɗakinta, ita kuma tana tura gujiya cikin toka da tsinke. Ni take kira angonta. Takan ce ko goro ban taɓa sayo mata ba, amma wajen cin gujiya ni ne a gaba.

Ina ɗan shekara tara, ana gobe babana zai tafi, ta ba mu ta wata yarinya da aka aika hayin babban gulbi ta koyo rini. Uwarta ta ƙulle mata curin hura uku, ta ce ta ci abincin mutanen can, amma kullum ta gutsuri na gida ta ɗora a kai, domin ranar da ya ƙare tana can, hanya za ta rufe. Yarinya ta yi ta koyo har hannuwanta suka rine. Curi na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare, uwar ɗakinta kullum sai ta ce saura launi ɗaya. Na ukun ya koma kamar ƙwayar gero. Ta gudo, ta iso bakin gulbi, ga ruwa ya cika, ba jirgi, ga yunwa tana cin ta.

Nan Kaka ta kakkaɓe zanenta ta miƙe.

Na ce, "Kaka, ta ci ko ba ta ci ba?"

Ta ce, "Wagga ta babanku ta. In ya komo kun ji."

Babana bai dawo ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a can, saƙon rasuwarsa kawai muka samu. Mun roƙe ta har muka gaji, ba ta sake taɓa gatanar nan ba.

Sai shekarar da na gama makaranta a Tawa, aka ba ni gurbin karatu a Aljeriya. Na je sallama, Kaka ta ɗaure mini busasshen cuku irin na Buzaye a tsumma. Ta maimaita gatanar tun daga farko, ni kaɗai, ta tsaya daidai bakin gulbin nan.

"Yanzu taka ta, angona. Tahi ka komo."

A can rayuwata ba ta da wani ado: ɗaki, aji, ɗakin cin abinci. Da safe dogon burodi da kofi, da rana miyar adas, wasu ƙananan wake da ban taɓa sabawa da su ba, ran Juma'a kuskus. Wani lokaci abokai su ja ni bakin teku mu ci gasasshen kifi. Duk inda muka ci, sai na ciro cuku na gutsura kaɗan. Suna dariya, ni ma ina yi, amma ban daina ba.

Sau ɗaya na yi wa Kaka wayo. Na sa ƙanwata Rabi ta kai mata waya, na ce kewa ta dame ni, ta ƙarasa mini.

"Kai, ba a yi mini dubara. Ba a ƙare gatana cikin waya. Ka zaka da ƙahwarka."

A shekara ta uku Rabi ta turo saƙon murya tana kuka. Kaka ta faɗi a ƙofar ɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi. Takardar zamana tana wurin sabuntawa, ba zan iya fita ƙasar ba sai da ita. Kullum da safe ina kan layi a ofishin sabuntawar, kullum a ce in dawo wani mako. Ban taɓa jin na zama ba kowa ba kamar a kwanakin nan. Abin da na iya kawai, Rabi ta kara mata waya a kunne in ce, "Kaka, angonki na, ina tahe." Sai in ji numfashi. Rabi ta ce leɓenta na motsi.

Kwana tara ta yi, ta rasu. Ni na iso bayan wata huɗu.

Na bi tsofaffin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta san gatanar. Wata ta ce da alama ita ta ƙago abinta. Muna yara na ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi. Yanzu na gane ba ta da ikon hana kowa tafiya, ba ta da abin ba shi ya zauna. Rabin gatana kaɗai take da shi, da shi take ɗaure mu.

Guntun cukun na ƙarshe yana nan cikin akwatina, ya yi tauri kamar tsakuwa. Ni dai ban ci ba, Kaka, kuma duk da haka hanyar ta rufe.